Zuwa Ga Taubashina Mai Ɗakin Turawa

Ɗan Kawu! Ina uwargida, wato matata da na ba ka ajiya? Ina yaran? Ina kuma zakin nan na jikin bango, ya fara cin ciyawa ko har yanzu yana kallon hanya?

Kada ka ɓata rai don ka ga na kawo maganar cikin jarida. Kai ka ja. Tun muna yara kake kirana bawanka, wai don ni ɗan mace ne kai ɗan namiji, ni kuma ban taɓa musu ba. Amma duk shekara in na zo karɓar kuɗin shara sai ka ce ai wannan al'adar dangin ubana ce, Hausawa, ba ta ƙetaro Madakiya ba. To yaya aka yi bautar ta ƙetaro lafiya, kuɗin ne kaɗai suka maƙale a hanya? Tunda ka hana ni a ɓoye, yau zan fanshe a bainar jama'a.

Ana jibi Kirsimetin bara ka turo mini hoto ta waya, ka rubuta a ƙasa: "Ɗakin yara, irin na Turai." Na buɗe na ƙura ido. Bango rabi rawaya rabi ja wur, kamar rumfar mai sayar da katin waya. Labule mai hoton kifi. Gado mai hawa biyu. Ga wata dabba a bango da sai daga baya aka gaya mini sunanta. Na nuna wa mutanen gidana, aka yi ta sam barka, har uwar 'ya'yana tana harara ta, wai dubi abin da maza ke yi. Ni kuwa da na san ka tun kana yawo ba wando, na ce a bari damina ta zo. A ƙasar nan tamu ba a yi wa ɗaki shaida da tsakar rana a watan Disamba, lokacin da ko akurkin kaji ka shafa wa fenti zai yi kyau a hoto. Sai ƙarfe biyun dare a watan Agusta.

Bari in gabatar da kai ga masu karatu. Jama'a, mutumin nan malamin firamare ne a Zonkwa, yana kuma da 'yar gonar citta a gefe, kamar yawancin ma'aikatan yankinmu daga Kachia har Kwoi. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya shaye-shaye. Aibinsa ɗaya: da hannu a dunƙule aka haife shi, ungozoma ta yi ta yi ta kasa buɗewa, ta ce a bar shi sai ya girma. Ga shi ya girma. Shi ne mai tsaga tsinken ashana gida biyu. Shi ne zai zo Kafanchan ya ci tuwon gidana, ya nemi ƙari, ya karɓi kuɗin mota, sa'annan a bakin ƙofa ya ce gishiri ya ɗan yi yawa a miyar.

To me ya kai marowaci ga ado? Gasa. Maƙwabcinka ya dawo daga Abuja hutun ƙarshen shekara, ya yi wa gidansa fenti ciki da waje, kamar yadda kowa ke ƙoƙarin yi a Zonkwa in Kirsimeti ta gabato, ya kuma kira ka ka ga ɗakin 'ya'yansa. Ka dawo gida ba ka ci abinci ba. Ka kwana a Facebook kana kallon ɗakunan yaran Ingila da Amurka: gado kamar kwalekwale, shimfiɗa kamar gashin tunkiya, littattafai a jere, 'yar fitila mai siffar wata. Ba ka tsaya ka tambayi kanka ba ko akwai sauro a garinsu, ko gara na cin katakonsu, ko kwanon rufinsu ya san ruwan Agusta irin namu.

Da kuɗin citta ka yi niyyar yin aikin tun farko. Sai annobar 2023 ta faɗa wa gonakin citta na kudancin Kaduna, ganye ya koma rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. A nan kam ban yi maka dariya ba, don na ga dattawa sun zubar da hawaye, mutanen da suka ci bashi suka zuba a gona suka tashi a tutar babu. A shekarar ce kuma, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, komai ya tashi, daga kuɗin acaɓa har ƙusa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar kuwa 70,000 ne, jiharmu ta ce 72,000. Mai hankali a irin wannan hali zai zauna ya ƙirga abin da ke aljihunsa, ya fara da inda ya fi yi wa yaran ciwo. Kai sai ka fara da inda idon baƙo zai sauka.

Abin da annoba ta bar maka shi ne sito ba kaya. Shi ka share ka ce ɗakin yara. Shekara da shekaru ana jibge busasshiyar citta a ciki, yajin ya ratsa bango. Makon farko yara uku suna ta atishawa kamar an yi gasa, ka ce ai maganin mura ne kyauta.

Sai fenti. Ka zagaye kasuwar Kafanchan kana taya galan kana ajiyewa, har masu shaguna suka gane ka suka daina amsa gaisuwarka. Daga ƙarshe ka samo ragowar fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe da tagogi, a hannun wani da ya gama aikin shago. Rawayan bai isa ba, ka cike da ja. Ya yi kauri, ka tsinka shi da kananzir. Ka manta bangon nan kowace damina shan ruwa yake daga ƙasa, fentin mai kuwa rufe bango yake yi ruf, ya hana shi shan iska. Da rani lafiya lau. Ruwa na sauka laima ta taso ta rasa ta inda za ta fita, fentin ya kumbura ya yi bororo, ya shiga ɓarewa kamar ɓawon rogo. Da idona na tarar da Auta zaune a gindin bango yana ɓantara yana kaiwa baki.

Nan bari in ajiye wasa gefe. Fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, an sha gwada shi a ƙasashenmu a sami dalma a ciki, don da ita wasu ke ƙara masa ƙyalli da saurin bushewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da za a ce bai cutar da yaro ba. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Mun ji abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ita ce dai. Kai malami ne. Da rana kana koya wa 'ya'yan mutane lissafi, da yamma naka yana tauna abin da zai iya hana shi gane lissafin. Ga fentin ruwa nan, ya fi araha, bango na shan iska ta cikinsa. Ga farar ƙasa da Kaka ke shafawa da tsumma kowace kaka, ɗaki ya yi fes. Amma ina, su ba sa ƙyalli a hoto.

To mu dawo kan zaki. Mai zane na gaske ya faɗi kuɗinsa, ka ce ya je zai ji ka. Ka ɗauko wani ɗan aji shida da ke zana muku taswira a allo, ka ba shi guntun falankin silin, ka ce ya zana zaki, ladansa ka yafe masa sharar filin makaranta ta mako guda. Yaron nan bai taɓa ganin zaki ba, ko gidan namun daji na Jos ba a taɓa kai shi ba. Abin da ya sani akuya da kare. Sai ya ba ka jikin akuya, wutsiyar kare, geza kamar tsohuwar tsintsiya, idanu kuwa ɗaya na kallon Samaru Kataf ɗaya na kallon Kachia. Ka kafa shi daidai saitin gado. Daren farko tocila ta haska fuskar, Auta ya ƙwalla ƙara har karnukan unguwa suka amsa, ya koma bayan uwarsa bai sake leƙa ɗakin da dare ba sai bayan wata biyu.

Labarin gado kuwa ba ni na fara ba da shi ba, duk unguwarku an san shi, ni tarawa kawai nake yi. Kafinta ya ce zai zo ya auna ɗakin. Ka ji akwai kuɗin acaɓa a ciki, ka ce a'a, kai ma ka iya awo, ai kai ke koyar da shi. Ka kwance igiyar shanya, ka auna tsawo ka ƙulla, ka auna faɗi ka ƙulla, ka rataye a ƙofa sai gobe. Na tsakiya ya ɗauka ya yi wasan tsalle da ita, ƙulli ɗaya ya kwance, don tsoron bulala ya sake ƙullawa inda Allah ya nufa. Ƙofa kuwa da tsayin silin ko a mafarki ba ka auna su ba. Kafinta ya nuna maka busasshen maɗaci, ka ji kuɗin ka yi tsaki, ka zaɓi malaina ɗanya shataf, da ruwanta da komai. Malaina ba ta da laifi in ta bushe. Ɗanya kuwa a ɗakinka za ta bushe, ta murɗe yadda ta ga dama.

Ranar da aka kawo gadon a bayan akori-kura, a haɗe, an buga masa ƙusa ko ta ina, yara suka biyo motar da gudu, mata suka leƙo ta katanga. Ka tsaya kana ba da umarni kamar mai saukar da jirgi. Aka kai bakin ƙofa, gado ya ce bai san zancen ba. Aka karkata shi, ya ƙi. Aka kwantar, ya ƙi. Aka cire ƙyauren, ya ƙi. Wani dattijo ya ba da shawarar a ɗaye kwano a zura shi ta sama, ka kuma tsaya kana tunani a kai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Gadon ya kwana biyu a tsakar gida kaji na hawa, kafin ka aika a kira kafintan, ka biya acaɓar da ka guje wa, ka biya kuɗin warwarewa, ka biya na sake haɗawa, ya kuma rage tsawon da igiya ta ƙara.

An yi wani Bature a Suwidin, Ingvar Kamprad, wanda ya kafa kamfanin kayan ɗaki na IKEA a 1943. Ɗan'uwanka ne a riƙo. Da dukiyarsa da komai tsohuwar mota yake ja, in zai hau jirgin sama a kujerar talakawa yake zama. A 1956 wani ma'aikacinsa ya cire wa tebur ƙafafu don ya shiga mota, daga nan suka rungumi sayar da kaya a warware cikin kwali, ka kai har cikin ɗaki ka ɗaura da kanka. Shi rowarsa ta kai shi sahun attajiran duniya. Taka ta sa ka biya kafinta sau biyu a kan gado ɗaya. Ashe ita ma rowar hawa-hawa ce.

Da aka kafa gadon sai wata ta fito. Tsakanin katifar sama da fanka bai kai kamu ɗaya ba. Abin da ya ceci ƙeyar ɗanka shi ne rashin wuta, kuma ina jin kai ne uba na farko a tarihin Zonkwa da ya durƙusa ya roƙi Allah kada a kawo ta da dare. Makari a gefen gadon sama ma ka ce a bar shi, katako biyu ne za a ƙara. Likitocin yara a Amurka, can inda ka kwaso hoton, cewa suke kada a ɗora yaron da bai kai shekara 6 ba a hawan sama, wanda ya kai ma sai da makari ta kowane gefe. Wannan ba ya fitowa a hoto, sai ka ji shi da kunnenka, tim, cikin dare. Allah ya taƙaita, goshi ne ya kumbura.

Kuɗi sun ƙare a fenti da kafinta, katifa kuwa ba a saya ba. Ka shiga gwanjo ka ɗauko guda uku, kowace sirara kamar yankan burodin mai shayin tasha, da 'yan hayarsu a ciki. Kuɗin cizo ne kaɗai kuɗin da ka taɓa rabawa kyauta a gidanka.

A watan Agusta na zo bikin 'yar Gwaggo ƙarama, ka ce lallai in kwana a ɗakin Turawa don in ba da labari. Ga shi ina bayarwa.

Wajen ƙarfe biyu hadari ya taso daga wajen duwatsun Kagoro. Iska ta fara kaɗa labulen kifi. Kafin ɗigon farko ya sauka, babbar 'yarka, ido a rufe, ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo roba, ta ajiye ta a wani wuri a tsakar ɗaki, ta juya ta ci gaba da barci. Ban gama mamaki ba na ji ɗis, daidai tsakiyar robar. Na tsakiya ya sauko daga sama da bargonsa, shi ma ba tare da ya farka sosai ba, ya tura bokiti da ƙafa zuwa kusurwa, ya naɗe a gefen ƙafafuna. Kowa ya san aikinsa, kamar sojoji. Can ruwa ya kece. Ta ramin kowace ƙusa yake zubowa, silin ya yi ciki, bango na tsiyaya, fentin rawaya na saukowa falle-falle. Ɗan Kawu, mutane na biyan kuɗin mota su je Matsirga kallon ruwa na faɗowa daga dutse. Kai ka kawo wa 'ya'yanka ita har gado, amma ka ce kai ba mai kyauta ba ne.

Ruwa na ɗaukewa masu gari suka iso. Tagar ba ragar waya, ga kwatami a bayanta. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi, kamar ina bikin da na zo tun bai fara ba. Na taɓa na tsakiya na ce, ina gidan sauronku? Cikin magagi ya ce, "Yana lambu."

Da gari ya waye na zagaya bayan gida. Ga shi kuwa, fari tas, an ɗaure shi a kan sanduna huɗu, an kewaye irin barkono da shi don kada kaji su tona. Na tambaye ka, ka ce ai in an rataya shi yana ɓata tsarin ɗakin, ba ka ga ko ɗaya a hotunan ba. Barkono ya kwana cikin aminci, jikokin Kaka suka kwana ana shan jininsu. Ƙasar nan tamu ita ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duk duniya, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa a Afirka yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Gidan sauron nan mai magani kyauta aka ba ka. Abin da ake nema a wurinka kawai ka baza shi a inuwa kwana ɗaya ya sha iska, ka rataya, ka soke bakinsa ƙarƙashin katifa, ya yi maka wajen shekara uku. Abu na farko a rayuwarka da ka samu a banza ka kuma yi banza da shi. Makonni biyu bayan tafiyata na ji an yi wa Auta ƙarin ruwa. Ka lissafa kuɗin da kanka, kai ne malamin lissafi.

Wai har ka manta ɗakin Kaka? In an yi hutu mahaifina, ma'aikacin reluwe, yakan sa ni a jirgi daga Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, in sauka a tashar Zonkwa ka tarye ni, ba don Allah ba, don ƙosan da Inna ke ƙulla mini. Mu bakwai muke kwana a tabarma biyu. Kaka na kan gadonta na ƙasa, in hunturu ya yi tsanani a zuba garwashi a ƙarƙashi, ɗumin ya ishe mu duka. Ƙasan ɗakin daɓe ne, santsi kamar an shafa mai. Kowannenmu da turkensa a bango daidai tsayinsa, da ɗan kwandonsa, wanda kuwa ya taɓa na wani ya gamu da muciya. Ba wanda ya taɓa jin wani abu wai shi ɗakin yara. Yaro in ya tasa ya koma ɗakin samari, 'yan mata su zauna wajen tsohuwa har a zo neman aurensu.

Kowace safiya kuma sai an shanya tabarma ɗaya a kan danga. Kowace safiya ka rantse ni ne. Sai da Kaka ta gaji ta raba mu, ta sa ni gabas ta sa ka yamma, tabarmar da ke jiƙewa ta tattara ta bi ka yamma. Har ka shiga aji huɗu ana wannan shari'a. Na riƙe maka sirrin nan shekara talatin da wani abu ina jiran kuɗin shara, ba su zo ba.

Ba cewa nake a koma can ba. Hayaƙin da ke korar sauro shi ke ba mu tari, ƙazwa kuwa in ta kama ɗaya ta kama bakwai, kuma ka sani, na sani, ba dukanmu muka girma ba. Amma tsohuwar nan da ba ta taɓa riƙe fensir ba ta san abin da ɗakin barcin yaro ke nema: kada ruwa ya taɓa shi, kada sanyi ya kama shi, ya kuma san inda nasa yake. Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe makarantarta ta farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum a 1907, ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayin yara, aka ajiye kaya inda hannunsu zai kai. Turken Kaka ke nan, sai dai ita ba a sa sunanta a allon makarantu ba. Yau masu bin tafarkin matar nan a Turai da Amurka katifa suke shimfiɗa wa yaro a ƙasa, su kuma sayi tsarin da tsada. Mutanen Japan ma da arzikinsu da komai, da yawa a kan tabarma suke baza shimfiɗa da dare su naɗe da safe. Wato da ka bar yaranka a ƙasa inda ka same su, da ka riga Turawan isa. Ka ci bashi ka hau bene a daidai lokacin da su suke saukowa.

Allah ya yi wa matata albarka, ita ta fitar da kai kunya. Ba ta yi maka gardama ba, ta san ba a gardama da mai digirin awo da igiyar shanya. Ta jira kwasarta ta adashi a Zumuntar Mata, ta kuma jira ka tafi taron malamai na kwana uku. Daga sama ta fara: falle biyu na kwano, da kwalta a kan kowace ƙusa. Ta kai yaran gidan iyayenta, ta jiƙa bango ta kankare fentinka don kada ƙurarsa ta tashi, ta kwashe ta binne, ta bar bangon ya sha iska, ta shafe shi da farar ƙasa. Ta kira kafintan nan, wanda yanzu ya san hanyar gidanku fiye da ta gidan surukansa, ya sa zarto ya raba benenka ya zama gadaje biyu 'yan gajeru, aka janye su daga jikin bango, aka ɗora ƙafafunsu a kan fasassun tayil saboda laima da gara. Katifunka uku ta ƙone su da 'yan hayarsu, ta sayi ɗaya mai kauri ta maza biyun, ta ba yarinyar tata ta gidan aure. Ƙarƙashin zanen Auta ta shimfiɗa leda, don yaron ya yi gadon ubansa a kan gado. Ta karɓo sababbin gidajen sauro, ta buga wa taga raga.

Sauran duk da abin da ke cikin gida ta yi su. Kwandunan tumatir sun zama ma'ajiyar takalma. Ƙusa uku a bango, kowace daidai kafaɗar mai ita. Wani murabba'i da ta bari ba farar ƙasa, ta goge shi da gawayi da ɗanyen ganye yadda kuke yi wa allon makaranta, yanzu a nan suke zane maimakon jikin ƙofa. 'Yar fitilar sola da ake shanyawa a kan rufi da rana, da dare a yi aikin gida da ita, ba kananzir ba hayaƙi. Sai abin da kai ko a hoto ba ka hango ba: yarinyar nan shekararta goma sha biyu, tana sauya kaya a gaban ƙannenta maza. Uwar ta ɗaura waya daga bango zuwa bango, ta rataya tsofaffin atamfofinta biyu na anko, ɗaki ya rabu. Ta kuma ba ta akwatin ƙarfen da ita kanta ta yi makarantar kwana da shi, da sabon kwaɗo.

Da na dawo a watan Oktoba yarinyar ce ta ja ni ta nuna mini. Ba bango ta nuna ba, ba gado ba. Hannu ta sa a wuyan rigarta ta zaro zare, ga ɗan makulli a jiki. Na ce me ke cikin akwatin? Ta yi murmushi ta mayar da makullin. Uwar ta raɗa mini cewa littafi ne, da ɗan madubi, da naira ɗari biyu da take ɓoye wa ubanta.

Yanzu ina jin labari duk baƙon da ya zo sai ka ja shi ɗakin, ka harɗe hannu a baya, ka ce, "Tsarina ne, da ma sauƙi na fi so." Har maƙwabcin nan na Abuja ka kira, ka yi masa lacca a kan illar fentin mai. Ba komai. Gumin mata da ma ba yau maza suka fara shafa shi a goshinsu ba.

Zaki kaɗai ya tsira. Matata ta ciro falankin za ta hura wuta da shi, Auta ya faɗi yana birgima, shi da a da ko kallonsa ba ya iya yi. Wai a bar masa Baba. Aka ce wane Baba? Ya ce haka idanunka ke yi in an tambaye ka kuɗin makaranta, ɗaya Samaru ɗaya Kachia.

Ina nan tafe ranar 24 ga Disamba da iyalina duka, mu takwas, kamar yadda ku tara kuka zo mini da Babbar Sallah kuka tafi da cinya. A dafa shinkafa da yawa, a yanka zakaran nan da ya yi kwana biyu a kan gadon yara, ai ya ci hayarsa. Ka tanadi kuɗin shara, na bana da na baya. Ni a gadon na tsakiya zan kwana, cikin gidan sauro. Kai kuma in baƙi sun yi yawa har ta kai ka ga tabarma, ka gaya wa matata ta ajiye maka ragowar ledar.